Yanda wata mashaya a Oshogbo ta koma makarantar zane, ba aji ba satifiket

Duk wanda ya yi firamaren gwamnati a zamaninmu zai iya tuna abun da ake ce ma aikin hannu. A jadawali dai yana nan, har maki ake bayarwa, amma abun da ke faruwa shi ne in ƙarshen zango ya zo malam zai ce kowa ya kawo nasa, sai mu ruga kasuwa a sayo tsintsiya ko faifai ko maburgi, wasu ma sabulun wanki suke kawowa, a tara a ofis a rubuta maka saba'in, shi kenan ka ci. Ni dai har na fita aji shida ban taɓa riƙe buroshin fenti ba. Kuma a ajinmu akwai wani yaro da in ya zana maka doki da biro a bangon littafi sai ka rantse haniniya zai yi, amma bulala ya dinga sha a kai, wai yana ɓata littafi.

To in makaranta ba ta koyar ba, wa zai koyar? A wurare da dama amsar ita ce masu zanen ne da kansu, in sun haɗa kai sun yi ƙungiya a garinsu. Magana ce mai daɗin faɗa, amma yanda abun ke aiki a zahiri yana da ɗan sarƙaƙiya, shi ya sa na ɗauko misali guda da ya faru a nan Najeriya, a garin Oshogbo, babban birnin jihar Osun na yanzu, dan a warware shi zare-zare a ga me ya sa ya yi tasiri, da kuma inda ya yi tuntuɓe.

Asalin abun daga Ibadan ne. A 1961 wasu marubuta da masu zane suka buɗe wani kulob da suka sa ma suna Mbari, cikinsu akwai Wole Soyinka da J.P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele ɗan Afirka ta Kudu da ke gudun hijira a lokacin, da wani Bajamushe Ulli Beier wanda ya zo Najeriya tun 1950 yana aiki da jami'ar Ibadan. Kalmar mbari ta Inyamuranci ce, sunan wasu ɗakunan laka ne da mutanen yankin Owerri ke ginawa su cika su da siffofi, kuma aikin gayya ne, jama'ar gari ke zaɓo mutanen da za su yi. Wannan na Ibadan taron 'yan boko ne zalla, masu digiri da masu shirin yin digiri.

Shi kuma Duro Ladipo malamin makaranta ne ɗan Oshogbo, mai kiɗa da wasan kwaikwayo, ya ma taɓa zama a Kaduna kafin ya koma gida. Ya samu saɓani da 'yan cocinsu sabida ya shigo da gangunan gargajiya cikin waƙoƙin coci, dan haka yana neman inda zai yi abunsa ba mai hararar sa. Da ya ga na Ibadan sai ya ce shi ma yana son irinsa a garinsu. Yana da 'yar mashaya a gidan mahaifinsa mai suna Popular Bar, ita aka gyara, aka yi dandalin wasa a tsakar gida, aka mai da wani sashe wajen rataye zane, a 1962 aka buɗe. Mutanen gari ba su san wata kalma mbari ta Inyamurai ba, sai suka ji ta da kunnen Yarbanci, suka ƙara mata, ta koma Mbari Mbayo, ma'ana in na gani zan yi farin ciki. Ni a wajena wannan canjin sunan ba ƙaramin abu ba ne, alama ce cewa 'yan gari sun karɓe abun ya zama nasu tun ranar farko.

Abu na farko da ƙungiyar ta yi ma garin kafin ma a zo maganar koyarwa shi ne ta sa mutane suna ganin zane. Ka tuna lokacin ba wayar hannu, hoton da yaro ke gani shi ne na kalanda da na allon talla da na fastar silima. Kulob ɗin Ibadan yana kawo ayyukan manyan masu zane na Afirka, irin su Ibrahim El-Salahi na Sudan da Malangatana na Mozambik, kuma Oshogbo ma ta shiga cikin zagayen baje kolin nan. Wurin kuma a tsakiyar gari yake, ba a cikin harabar jami'a mai geti da maigadi ba. Wanda ya zo kallon wasan Duro da daddare dole ya wuce ta gaban zanen da ke bango, ko yana so ko ba ya so idonsa zai sauka a kai, gobe ya dawo ya sake gani, wata rana ya tsaya ya ce wai shi wannan me aka zana ne. Daga nan ake farawa. Mutum ba ya sha'awar yin abun da bai taɓa ganin an yi ba.

Sai kuma bita. An yi ta a 1962 da 1963 ƙarƙashin Denis Williams, wani mai zane ɗan ƙasar Guyana wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Khartum kafin ya zo Najeriya. Amma wadda ta fi yin suna ita ce ta 1964 da Georgina Beier, wadda ta zama matar Ulli Beier, ta jagoranta. Ita Georgina 'yar Landan ce, kuma abun da mutane da yawa ba su sani ba, Zariya ta fara zama da ta zo Najeriya a 1959, daga baya ta koma Oshogbo a 1963. Bitar nan ba ta wuce 'yan kwanaki ba, ko mako ba ta cika ba. Ba kuɗin rajista, ba jarabawar shiga, ba a tambayar ka aji nawa ka yi. Ka shigo, a miƙa maka takarda da fenti mai araha da buroshi, a ce bismilla.

Salon koyarwar shi ne abun da har yau ake gardama a kai. A makarantar zane ta boko ana ajiye maka kwalba ko kwano ko a zaunar da mutum a gabanka, ka koyi auna tsawo da faɗi, ka koyi inuwa da haske, ka koyi yanda abu na nesa ke ƙanƙancewa, shekara da shekaru kana wannan kafin a ce ka zana abun da ke ranka. Su a Oshogbo suka juya abun. Ba wanda ya ce ma kowa ga yanda ake zana hannu ko fuska. Mai koyarwa tana zagayawa ne tana duba, in ta ga wani ya kwaikwayi hoton kalanda ta wuce, in ta ga wani ya fito da wani abu da ba ta taɓa gani ba ko da a karkace yake sai ta tsaya ta ce ci gaba da wannan. Kaga ke nan akwai koyarwa a ciki, sai dai ta hanyar zaɓi ake yin ta, abun da aka yaba shi yaro zai ƙara yi, abun da aka share ya bari. Masu cewa wai ba a koya musu komai ba, daga cikinsu kawai abun ya ɓuɓɓugo, ban yarda da su ba. Idon mai zaɓen nan ma malami ne, kuma ido ne na wadda ta san zanen zamani na Turai.

Su wa suka zo? Nan ne labarin ya fi daɗi. Yawancinsu yaran Duro ne na ƙungiyar wasan kwaikwayo. Jacob Afolabi a mashayar yake aiki yana sayar da abun sha. Rufus Ogundele ɗan wasa ne. Muraina Oyelami makaɗi ne kuma ɗan wasa. Jimoh Buraimoh mai gyaran wuta ne, shi ke kula da fitilun dandali. Adebisi Fabunmi a Takoradi ta Gana aka haife shi. Sai Taiwo Olaniyi, wanda duniya ta sani da Twins Seven-Seven, sabida mahaifiyarsa ta haifi tagwaye sau bakwai shi kaɗai ya rayu, shi rawa yake ma masu tallan magani suna yawo gari-gari, ya faɗo wani taro a kulob ɗin ba a gayyace shi ba, rawarsa ta burge mutane aka ce ya zauna. In ka lura da sunayen ma, Jimoh ai Juma ne, Buraimoh kuma Ibrahim, garin cakuɗe yake da Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, kuma duk sun zauna a tabarma ɗaya suna shafa fenti.

Abun lura shi ne babu wanda ya zo hannu rabbana a cikinsu. Makaɗi ya san tsari da maimaici, ɗan wasa ya haddace labaran sarakunan Oyo da tatsuniyoyi da kirari, mai gyaran wuta ya san yanda launi ke canzawa in haske ya faɗa masa. Ilimi ne cike da kai, abun da suka rasa kawai shi ne kayan aiki da wanda zai ce musu wannan abun da kuka sani ya isa a zana shi.

To amma fa in da a bitar aka tsaya da yanzu ba wanda ya san sunan kowa. Wannan shi ne gishirin maganar gaba ɗaya. Mun sha ganin irin haka, a kira taron bita na kwana uku a otal, a raba riga da hula da jaka, a ɗauki hoto, kowa ya karɓi kuɗin mota ya watse, bayan wata guda ka tambayi yaron ina fentin ya ce ai tun ranar bai sake gani ba. Abun da Mbari Mbayo ta yi daban shi ne bayan an tashi sai aka ware 'yan kaɗan da aka ga suna da abun, aka ba su wurin aiki, aka ci gaba da ba su kaya, Georgina tana tare da su kusan kullum ita ma tana nata aikin, suna ganin yanda take yi, suna ganin na juna, ana gardama ana dariya ana gasa. Shekara biyu da wani abu ana haka. In ka cire sunan zane ka duba tsarin, ai shi ne koyon sana'a da muka sani a wajen tela ko kafinta ko maƙeri, yaro na zaune kusa da mai yi har hannunsa ya faɗa. Bambancin shi ne a nan ba a son ka fito sak ubangidanka, in ka fito sak ma an yi asara.

Kuma an bi kowa da abun da ya dace da hannunsa. Ɗauki aikin gurza, wanda da yawansu suka fara da shi. Ana samun wani abu mai kamar ledar tsakar ɗaki amma mai kauri, ka zana abunka a kai, ka sa 'yar wuƙa mai baki kamar cokali kana ƙwaƙule duk inda kake so ya fito fari, inda ka bari shi zai ɗauki tawada. Sai ka mulka tawada da ɗan abun birgima, ka ɗora takarda ka danne, ka ɗaga a hankali daga gefe guda. Abun da ke dama zai fito a hagu, dan haka in akwai rubutu sai ka yi shi a juye, kuma in wuƙa ta zarce ta zarce kenan, ba gogewa. Amfaninsa ga talaka a bayyane yake, gurza ɗaya za ta ba ka kwafi ashirin ko talatin, kowanne ka sayar da araha. Adebisi Fabunmi ya yi suna da irin wannan, yana cusa gari guda cikin takarda ɗaya, rufin kwano a kan rufin kwano ba masaka tsinke, daga baya kuma ya koma manna zaren ulu mai launi-launi. Twins da aka ga hannunsa na son ƙananan layuka, ba ya iya barin fili ko kaɗan sai ya cike shi da ɗigo da zane, sai aka karkatar da shi wajen alƙalami da tawada da ƙarce farantin ƙarfe, daga baya ya dinga yanka falankin katako yana ɗora wani kan wani, dodanni da aljanun tatsuniya suna fitowa kamar za su taɓo ka. Jimoh Buraimoh kuwa ya duba kambun sarakunan Yarbawa da ake yi da ƙananan duwatsun ado, ya ce me zai hana a yi zane da su, sai ya dinga zura su a zare yana bin layin zanen da gam yana mannawa a kan katako, layi bayan layi, tsakaninsu ya cike da fenti. Aikin haƙuri ne na gaske, kuma shi ya zama tambarinsa har ya kai ga yin manyan bangwaye a gine-gine.

Akwai ma waɗanda ba su shiga bitar ba amma inuwar ƙungiyar ta rufe su. Asiru Olatunde ɗan gidan maƙera ne, rashin lafiya ta hana shi aikin ƙira mai nauyi, yana 'yan ƙananan abubuwa na ado da jan ƙarfe. Aka ƙarfafa masa gwiwa ya ƙara girman aikin, sai ya koma kan fallen alminiyon, yana zaune da 'yar guduma da ƙusa mai dakusasshen baki yana bugawa ɗaya-ɗaya har labari guda ya taso a jikin ƙarfen, mutane da dabbobi da itatuwa. Adebisi Akanji kuma birkila ne, ya koma yin siffofi da siminti, har wani gidan mai a garin ya yi ma katangar ado. Wato ƙungiyar ba ta tsaya jiran yara masu sha'awar fenti kawai ba, ta leƙa cikin masu sana'ar da ke garin tun asali.

Bari in ɗan ratse nan, sabida ana yawan haɗa abu biyu. Susanne Wenger, 'yar Ostiriya da ta zauna a Oshogbo har ta rasu a 2009, ita tata tafiyar daban ce. Ita da mutanenta, ciki har da Akanji ɗin nan, aikinsu gyara wuraren bautar gargajiya ne a kurmin Osun, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Su kuma 'yan Mbari Mbayo zanen ratayewa a bango da sayarwa suke. Gari ɗaya ne, sun san juna, amma manufa ba ɗaya ba.

Sai maganar da ba a son yi, kuɗi. Koyar da zane na cin kuɗi, fenti ƙarewa yake, takarda ƙarewa take, kuma saurayin da ke zaune yana zane tun safe sai ya ci abinci. Hanya biyu abun ya bi. Ta farko tallafi daga waje. Kulob ɗin Mbari ya samu kuɗi daga wata ƙungiya mai ofis a Paris da ake kira Congress for Cultural Freedom, inda Mphahlele ya koma aiki, kuma a wajajen 1966 zuwa 1967 sai asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, na cikin masu zuba ma wannan ƙungiya kuɗi a ɓoye, lokacin yaƙin cacar baka. Yaran da ke gurza leda a Oshogbo ba abun da ya haɗa su da wannan, amma dai ya nuna maka cewa kuɗin tallafi yakan zo da igiyar da ba ka ganin ƙarshenta. Hanya ta biyu ita ce kasuwa. Su Beier sun san mutane, suka dinga haɗa baje koli a Legas da ƙasashen waje, akwai ma wasu Amurkawa mata da miji a Legas da suke buɗe gidansu duk ranar Alhamis, masu zanen Oshogbo su kawo kaya, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na kamfanoni su zo su saya. Yaron da jiya yake rawa a tasha yau ya sayar da zane ya sayi babur, gobe mota. Kar ka raina wannan a matsayin hanyar jawo yara, dan ba wata lacca da za ta shawo kan uba ya bar ɗansa ya yi zane kamar ya ga ɗan maƙwabci ya gina gida da shi.

Amma a nan ne kuma tsutsar take. Masu sayen kusan duk baƙi ne, kuma baƙo yana da abun da yake so ya gani in an ce masa zanen Afirka, yana son dodo da aljani da abun al'ajabi. Mai zane ya gane abun da ke tafiya, sai ya ƙara yin irinsa. Ƙannensa da yaran gidansa su ma su ga abun da ke kawo kuɗi, su kwaikwaya, kafin ka ce kwabo gari ya cika da masu zana abu iri ɗaya, ƙungiyar da aka kafa dan kowa ya nemo muryarsa ta haifar da 'yan amshin shata. Manyan na farko irin su Muraina Oyelami, wanda zanensa na fuskoki da gidaje ke da wani irin sanyi da natsuwa, sun riƙe nasu, amma na bayansu da yawa kasuwar 'yan yawon buɗe ido ta haɗiye su.

'Yan makaranta kuwa ba su yi shiru ba. Ka san a daidai wannan lokacin akwai wata tafiyar a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu suna cewa a haɗa dabarun Turai da gadon gida. Waɗannan sun yi shekaru suna karatu, sun san tarihin zane, suna iya kare aikinsu da baki da alƙalami. To sai ga Turawa sun tsallake masu digiri suna rububin aikin waɗanda suka yi bitar kwana biyar, suna cewa wannan ne na asali wanda boko bai gurɓata ba. Dole abun ya yi ciwo, kuma ƙorafin da masu karatu da yawa suka yi yana da ƙamshin gaskiya, akwai raini a cikin tunanin cewa Baƙar fata ya fi kyau in bai yi karatu ba. Inda ban bi su ba shi ne in an ce dan haka aikin Oshogbo ba zane ba ne. Kwalejin Zariya mutum nawa za ta ɗauka a shekara, kuma wa zai shiga in bai gama sakandare ba? Mai gyaran wuta da mai rawan tallan magani ba su da ƙofar shiga can ko da sun fi kowa baiwa. Ƙungiyar gari ta buɗe ƙofar da jami'a ba za ta iya buɗewa ba, ita kuma jami'a tana ba da zurfin da bita ba ta bayarwa. Abun dariyar ma shi ne katangar ba ta kai tsawon da ake faɗa ba, Jimoh Buraimoh daga baya ya je Zariya ya yi karatu, shi kuma Onobrakpeya ɗan Zariya ya halarci bitar ɗab'i da aka shirya ƙarƙashin Mbari wadda wani ɗan Holan, Ru van Rossem, ya koyar, kuma aikin ɗab'in nan shi ya zama abun da aka fi saninsa da shi.

A ƙarshen 1966 su Beier suka bar Najeriya suka nufi Papua New Guinea, ga yaƙin basasa ya biyo baya a 1967. Irin wannan lokacin ne ake gane ko ƙungiya ce ko kuwa mutum ɗaya ne da 'yan rakiya. Kulob ɗin kansa bai koma yanda yake ba, Duro Ladipo ma ya rasu a 1978. Amma koyarwar ba ta mutu ba, sai ta watsu. A Ile-Ife jami'a ta buɗe cibiyar Ori Olokun a cikin gari a ƙarshen shekarun 1960 kan kusan wannan tsari, Solomon Wangboje, wanda shi ma Zariya ya yi, yana kula da ɓangaren zane, wasu 'yan Oshogbo suka koma can. Muraina Oyelami ya koyar da kiɗa a jami'ar Ife, ya kuma buɗe tasa cibiyar a garinsu Iragbiji. Onobrakpeya a 1998 ya fara tara masu zane duk shekara lokacin hunturu a Agbarha-Otor ta jihar Delta, farfesa da ɗalibi da wanda bai taɓa shiga aji ba duk a rumfa ɗaya, kuma bai ɓoye cewa irin bitocin da ya halarta a shekarun 1960 ne suka ba shi tunanin ba.

In ka sake duba sunayen da na lissafa na 'yan bitar farko za ka ga duk maza ne. Wannan giɓi ne babba, kuma wadda ta fi kowa cike shi ita ce Nike Davies-Okundaye. An haife ta a 1951 a Ogidi ta jihar Kogi ta yanzu, ta koyi saƙa da rini a gida tun tana ƙarama, ba ta yi nisa a boko ba sabida rashin kuɗi, ta zauna a Oshogbo a matsayin ɗaya daga cikin matan Twins Seven-Seven, a gidan ta fara koya ma abokan zamanta aikin dan kowacce ta samu na kanta. A 1983 ta buɗe cibiyarta a Oshogbo tana koyarwa kyauta, musamman ga 'yan mata da matan da ba su da madafa, daga baya ta buɗe wasu a Ogidi da Abuja, sai babban gidan baje koli na Lekki a Legas a 2009. Ita ta gyara lissafin kuɗin ta wata fuskar, abun da ake sayarwa a gidan baje koli shi ke ɗaukar nauyin masu koyo, ba sai an jira wani ofishi a Paris ba, ko da yake har yanzu aljihun masu saye ne ke riƙe da abun.

Abun da ake koya a wajenta ya haɗa da adire, rinin Yarbawa, wanda duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata zai ji kamar gida, shunin dai shi ne, warin ma shi ne. Bambancin yana wajen ado. A irin wanda ake ce ma eleko, ana dama kullun rogo ya yi kauri, a shimfiɗa farin yadi a ƙasa, a ninke shi a fitar da gida-gida, yarinya ta tsoma gashin kaza cikin kullun tana zana tsuntsu ko ƙadangare ko ganye a kowane gida, wani wajen ta sa tsinke ta ƙarce layuka tun kullun bai bushe ba. Sai a shanya ya bushe ƙarau, a tsoma a baba a ɗaga a hankali dan kar kullun ya jiƙe ya narke, yadin ya fito kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa, a sake, har launin ya kai yanda ake so. Daga ƙarshe a kankare kullun a wanke, duk inda gashin kazar ya bi ya fito da haske a cikin shuɗin. Zani ɗaya yakan ci kwanaki, kuma sabuwar ɗaliba ba a ba ta babban yadi, ƙyalle ake yanka mata ta yi ta ɓatawa tukuna.